Ƙarar da ke Cikin Waƙa ta Shida

Maikunkele, Litinin

Zuwa ga Malama Muniratu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Yaya ɗalibai?

Sunana Shekwolo. Ni ne mai jita a faifan da kika yi wa sharhi a shafinki, wanda muka fitar da kanmu, ni da abokina Ndaman. Mun gode ƙwarai. Ba mu zaci malamar jami'a za ta saurari waƙoƙinmu tara har ƙarshe ba.

Sai dai maganar waƙa ta shida. Kin rubuta cewa muryar tsohuwar tana da kyau, amma mun lalata ta da ƙarar janareta. Malama, babu janareta a gidanmu. Muryar ta mahaifiyata ce, Liyatu. Wata mata ta karanta mata sharhin bayan an tashi daga coci, yanzu ta ce mu cire waƙar daga intanet, wai ta kunyata mu gaban masu ilimi. Da ƙyar ta ba mu zuwa Lahadi.

Ki huta lafiya.
Shekwolo

Bosso, Talata

Malam Shekwolo,

Na amsa gaisuwa, ina kuma gaida Mama.

Na sake saurare sau huɗu. Ƙarar tana nan, tana tafiya tana dawowa. A Minna aka haife ni, kuma in akwai fannin da na ƙware ban da adabi, to kukan janareta ne. In ba shi ba ne, sai ku faɗa mini mene ne. Ba na janye sharhi don an ji haushi. Ina janyewa in na yi kuskure, abin da kan same ni kamar sau ɗaya a shekara.

A tuna wa Mama cewa muryarta yabawa na yi.

Na gode.
Muniratu

Limawa, Laraba

Salamu alaikum Malama,

Ndaman ne, mai ganga, wanda ba shi da haƙurin Shekwolo.

Dutsen niƙa ne! Sau biyu muka kai Mama situdiyo, ta tsaya gaban makirufo, ko kalma ɗaya ta ƙi fitowa. Ta ce waƙar ba a kanta take ba, a hannunta take. A bakin dutse ta koye ta da Gbagyi, kuma tun da injin niƙa ya shigo unguwa babu macen da ta ɗauka. Sai muka kai makirufo madafa. Ni da nake makaɗi, ajiye gangata na yi, don dutsen ya fi ni riƙe kiɗa.

Maikunkele ba London ba ce. Ki zo ki ga janaretan.

Wassalam.
Ndaman

Bosso, Juma'a

Malam Shekwolo da Malam Ndaman,

Bayan gaisuwa. Jiya da hantsi na je, ba ku nan, kuma hakan ya fi mini sauƙi.

Mama ta dube ni tun daga gilashi har takalmi, ta ce, “Ke ce mai janareta?” Na ce ni ce. Ta ce, “Durƙusa, 'yata.” Ta zuba dawa a kan dutse, ta ba ni ɗan dutsen. Digirina biyu, amma minti uku na yi, rabin dawar ya watse ƙasa, kaji suka yi ta sa mini albarka.

Sai ta ture ni da gwiwar hannu, ta durƙusa.

Ban san yadda zan rubuta wannan ba, ni da rubutu ne abincina. In ta tura dutsen, muryar ta fita tare da shi. In ta jawo shi, a nan ne take shaƙar numfashi. Abin da na kira ƙara shi ne huhun waƙar. Tsohuwar da ta taso da ƙyar ta buɗe mini ƙofa, sai ga muryarta ta cika madafa har kwanonin rufi suna amsawa. Ko kalma ɗaya ban gane ba, kuma ban ji na rasa komai ba.

Da ta tsaya na tambayi ma'ana. Ta sa yatsana a kwarmin da ke tsakiyar dutsen, mai zurfin tafin hannu. Ta ce abin da ke cikin waƙar sunayen matan da suka cinye dutsen nan da niƙa ne, su bakwai, kowacce da baitinta. Ba a rubuce suke ko'ina ba.

Na ce, “Mama, na yi kuskure. Kada ki bari a cire.” Sai ta ɗauki rariya. Na jawo ƙofa a hankali na fito.

Na gyara sharhin, na bar kuskuren a sama don kowa ya gani. Sauran yana hannunta.

Taku,
Muniratu

Maikunkele, Lahadi

Malama,

Gaisuwa. Mama ta ce a bar waƙar.

Da kika rufe ƙofa, ta duba abin da kika niƙa, ta ce tsaki ne, na kaji. Ta ce ki dawo ranar Asabar da zane, ban da dogon takalmi. Akwai baiti biyu da ba ta taɓa yi mana ba, kuma ba ta yi wa mai kallo, sai mai niƙa.

Ki huta lafiya.
Shekwolo