Furen da Ke Cikin Gafakata

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Yabo ya tabbata ga Wanda ya tsirar da kowane tsiro, ya kuma san sunansa. Tsira da aminci ga Manzonsa.

Zuwa ga Rahamatu, sanyin idona, inuwata ta shekara talatin da ɗaya, ruwan randata a tsakiyar bazara. Gaisuwa gare ki, da wanda zai karanta maki wannan takarda.

Bayan haka, wata guda ke nan da kika tafi gidan yayanki Ɗanmaliki a Mawashi, tun ranar da na faɗa gaban baƙi cewa sanin ganye ba ilimi ba ne. Kaico da harshena!

Talatar da ta wuce ina tafe a ƙasa daga Kankia zuwa Kusada, sai na ga wani fure a gindin suri: shuɗi, mai kunne biyar, tsakiyarsa rawaya, ƙamshinsa kamar ƙasa bayan ruwan fari. Na tsinke shi na sa a gafaka. Na tambayi wanzami, bai san shi ba. Bube makiyayi ya ce shanunsa ba su cin sa, iyakar saninsa ke nan. Malamin daji na En'e ya buɗe littafin Turawa, ya karanto wani suna da ko shi bai iya maimaitawa ba.

Sai na tuna! Daminar aurenmu, a wannan hanya, kin duƙa kin nuna mani irinsa, kin faɗi sunansa da maganin da yake yi. Ni kuwa ina bitar karatu, ban saurara ba. Sau nawa kika yi magana haka, ya hasken gidana, kunnena yana wani wuri? Wane malami ne ɗan fure zai kayar, malamarsa kuwa tana gidansa shekara talatin da ɗaya?

Na yanke shawara. Ranar Juma'a bayan sallah zan iso Mawashi da buzuna. Ke za ki hau shi, ni in zauna a ƙasa. Ba zan tashi ba sai na ji sunan daga bakinki, ko da damina za ta ƙare a kaina. Kada ki aiko shi ta bakin kowa. Mu ba mu rubuta ilimi sai da sunan wanda muka karɓo daga gare shi, kuma na riga na bar gurbi a takardar malamaina, ƙarƙashin sunan mahaifina.

Komawa gida kuwa, sai abin da kika ga dama.

Allah ya ƙara maki lafiya, ya sanyaya zuciyarki, ya yi albarka ga mai karantawa. Amin.

Naki har kabari, ɗalibinki,
Dawuda