Kunnuwana Sun Rufe a Fatakwal

Maman Hulda,

Gaisuwa cikin sunan Yesu Ubangijinmu. Yaya ke da yarinya, yaya ƙafar Mama? Ina fata cittarmu ta bana ta yi kyau a Godogodo.

Na san kina fushi don ba na ɗaukar wayarki. Ba wulaƙanci ba ne, Catherine. Ina ganin sunanki yana haske, amma ko na ɗauka ba abin da zan ji. Kunnuwana sun rufe.

Da farko kowa ya ce ƙarar janareton wurin aiki ce. Aka wanke kunnen, aka ɗiga magani, a banza. Sai wata likita ta danna cikina ta hagu, ta ji saifata ta kumbura, ta sa aka ɗebi jini. A takarda ta rubuta mini sakamakon: kansar jini ce, mai tafiya a hankali. Fararen ƙwayoyin jini sun yi yawa, jinin ya yi kauri, ya lalata jijiyoyin kunne. Ni da na zo da ciwon kunne kawai.

Kada ki tada hankalinki, ina cin abinci, ina shan magani kullum. Likitar ta rubuta mini cewa zai iya riƙe ciwon. Da na ce kunnen fa, ta daɗe riƙe da biro ba ta rubuta komai ba.

Ran Lahadi na je coci, na ga bakuna suna motsi, na fito. Kada Mama ta sani tukuna.

Na ga saƙonki cewa Hulda ta fara kiran Baba. Don Allah ki rubuto mini yadda take faɗinsa.

Mijinki,
Bartholomew