Takardun Lahadi na Tungar Ango

Tungar Ango, ƙasar Bagudo
Farkon damina, 1929

Zuwa ga maigidana, Malam Cindo,

Gaisuwa mai yawa da so da bege, cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kana lafiya, kai da abokan karatunka na makarantar mishan a Minna. Yaya cikin nan naka da ba ya shiri da tuwon baƙunta? Mu nan lafiya lau. Ruwa ya sauka, mun yi shuka, ɗiyarka Sabuwa ta fara haƙori, kome ta samu sai ta kai baki.

Takardarka ta iso ta hannun Attahiru mai jirgi, tare da wa'azin da ka rubuto mana. Ran Lahadi muka taru a zauren Baba Audi, mu 'yan gidajen masu bi da ka bari, na karanta musu. Ka ce in gaya maka gaskiya, to ga ta nan.

Farkonsa ya yi tsawo, Malam. Ka jero manyan kalmomin da ka tsinto a littattafai da bakin mutanen gabas, har Baba Audi ya fara gyangyaɗi, Barira kuma ta koma yi wa ɗiyarta kitso. Amma da na kai wurin tunkiyar da ta ɓace, inda ka mai da ita ɗan maraƙin da ruwa ya ja a mashaya, makiyayi ya bar garke ya bi gaɓa yana kira, sai zaure ya yi tsit. Namadi maƙeri ya ɗaga kai ya ce, "Wanga mutum, ashe bai manta da kogi ba." Don haka nan gaba ka fara da maraƙin. Ka ba mutane abin da idonsu ya taɓa gani, sa'an nan ka ɗora musu ayar. In ka gama rubutu, ka karanta shi da ƙarfi kai kaɗai. Duk inda numfashinka ya ƙare magana ba ta ƙare ba, ka raba ta. Ni ce mai karantawa, ka tausaya wa ƙirjina.

Na ga abin da ka rubuta a ƙasa da ƙananan baƙaƙe, cewa ranar gwajin wa'azi i'inarka ta tashi, harshe ya ƙi sakin kalma, waɗansu suka yi dariya. Raina ya ɓaci, amma ban firgita ba. Tun muna yara a gidan 'yantattun bayi, inda aka koya mana boko, na san harshen nan naka. Da kai da mutum ɗaya ba ya sarƙewa, sai idanu sun yi yawa. To, in ka miƙe, ka zaɓi fuskar dattijo guda ka yi magana da shi, sauran su ci albarkacinsa. Kada ka yi sauri don ka tsere wa i'inar, gudun ne ke kiranta. In ta kama ka, ka tsaya ka ja numfashi. Shiru ba ya kashe wa'azi.

Ka riƙa aiko mana takarda duk lokacin da Attahiru zai hauro. Baba Audi da dukan 'yan'uwa suna gaishe ka. Ubangiji ya tsare mini kai.

Ni ce matarka,
Tasallah


Tungar Ango
Tsakiyar damina, 1929

Maigidana abin alfaharina,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina tambayar lafiyarka da ta malamanka. Wa'azinka na Yusufu da 'yan'uwansa ya iso, kuma ka ji shawara. Ba wanda ya yi barci, har Barira ta roƙi in maimaita mata ƙarshensa a bakin rijiya.

Yanzu ka natsu ka ji abin da ya taso. Wani magidanci mai suna Usuman ya ƙetaro iyaka daga ƙasar da Faransa ke mulka da matarsa da 'ya'yansa, yana gudun aikin tilas na hanya. Ƙafafunsa duk sun tsage, ƙaramin ɗan kuma zazzaɓi ya kusa gamawa da shi. Ba mai bi ba ne, amma ƙofar Namadi ce ta fari daga yamma, shi ko ya ba su ɗaki. Ni na riƙa kai musu kunu.

Sai Hassan, ƙanen Maigari Ɗanmaliki, ya kai ƙara. Ya ce takardun da nake karantawa ran Lahadi a cikin zaure na kiran mutanen ƙetare ne, kuma in masu gadin can suka biyo sawu, garin duka zai ɗanɗana. Ban ce mugunta ce zalla ba, tsoro ne ya fi yawa a ciki. Amma tsoro in ya sami baki ya fi mugunta ɓarna. Maigari ya ce bayan an yanke gero za a zauna a ƙofar gidansa, da shi da Liman Ma'azu da dattawa. In magana ta tabbata, za a karɓe gonakinmu, mu tashi daga Tunga.

Mazanmu sun taru don su zaɓi mai magana. Ka san Baba Audi, kafin a kai tsakiyar zance ya hau fushi. Namadi kuwa gaban manya bakinsa rufewa yake yi. Na bari suka gama juya maganar, na ce musu tunda bakina ne ya karanta takardun, bakina ne zai amsa. Baba Audi ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, mace gaban Maigari?" Na ce masa, "Baba, ai da aka kai ƙara ba a ce namiji ya karanta ba." Ya yi dariyar da bai shirya ba, aka bar mini maganar.

Ga abin da nake so gare ka. Ni ina da baki, amma in na tashi magana sai ta yi rassa kamar kabewa. Kai ne ka iya ɗaure zance. Ka rubuto mini abin da zan faɗa. Kada ka yi wa'azi a ciki, ba sujada za mu ba. Kada ka zagi Hassan ko da a kaikaice, gobe ma maƙwabcinmu ne. Ka girmama Maigari ba tare da ka lasa masa zuma ba, ya san ɗanɗanonta. Kuma ya zama gajere, yadda zan iya ɗauke shi a kai.

Attahiru ya yi alkawarin zai jira amsarka a Jebba. Kada ka bar karatu ka taho, zuwanka ba zai ƙara mana kome ba sai baki ɗaya mai rawa. Hannunka nake bukata. Ban ji tsoro ba, kai ma kada ka ji.

Taka har kullum,
Tasallah


Tungar Ango
Lokacin kaka, 1929

Zuwa ga Malam, sanyin idona,

Ina gaishe ka da murna, ina fata wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ka fara gode wa Ubangiji kafin ka ci gaba da karatu: muna nan a Tunga, gonakinmu na hannunmu.

Takardarka ta riga zaman isowa. Na yi ta bitarta ina daka ina tankaɗe har ta zauna mini. Ranar zaman da hantsi, ƙofar gidan Maigari ta cika, har masunta sun bar taru sun zo kallo. Na sa zanena baƙi, na durƙusa nesa kaɗan, na yi gaisuwa yadda ta kamata. Hassan ya faɗi nasa, ban katse shi ba.

Da aka ba ni dama, na ajiye dukan takardun Lahadi a gaban Liman Ma'azu, na ce ya zaɓi wadda ya ga dama in karanta. Ba ya karanta boko, sai ya sa hannu tsakiya ya zaro guda. Ta Yusufu ce. Na karanta a hankali, ina ɗaga kai a ƙarshen kowace magana. Da na kai inda Yusufu ya fashe da kuka ya ce wa 'yan'uwansa su matso, Liman ya ɗaga hannu ya ce, "Ranka shi daɗe, wanga labarin Annabi Yusufu na. Ban ji an kira kowa ba."

Sa'an nan na naɗe taka takardar a tafin hannu, na faɗe ta da ka, don su ga fuskata. Malam, ban san ka riƙe zancen shekarar babbar yunwa haka ba. Na tuna musu yadda rumbunan Tunga suka zama wayam, mutanen garin nan suka ƙetara yamma da ƙwarya a hannu, mutanen can suka ba su dawa da doya da wurin kwana. Na faɗi tambayarka daidai yadda ka rubuta ta: "Ranka ya daɗe, a wancan lokaci wa ya tambaye mu takardar da ta kira mu?" Daga nan na yi shiru, kamar yadda na taɓa gaya maka. Wata tsohuwa a bayan dattawa ta fara share ido da gefen mayafi. Maigari ya sunkuyar da kai yana wasa da carbinsa, don shi ma da ƙafarsa ya je a shekarar.

Hukuncin bai zo mana duka yadda muke so ba. Ba za mu ƙara karatu a cikin zaure ba, sai a fili ƙarƙashin tsamiya inda kowa zai ji. Wannan ni riba na ɗauke shi. Amma Usuman da iyalinsa ba za su zauna kusa da iyaka ba, an ce su matsa ciki wajen Zagga. Sun tafi shekaranjiya. Namadi ya ba shi fartanya, matar Usuman ta rungume ni muka yi kuka. Ɗan ya warke, da ƙafarsa ya bi su.

Hassan ya gaishe ni jiya a hanyar kasuwa, na amsa masa da kyau.

Kowa na yaba bakina, ni kuwa na san rijiyar da na ɗebo ruwan. Ka huta lafiya, Allah ya ƙara wa hannunka albarka.

Matarka mai ƙaunarka,
Tasallah


Tungar Ango
Bayan an gama girbi, 1929

Maigidana,

Gaisuwa da bege mai yawa. Ina fata jikinka lafiya, don na ga zuciyarka ba lafiya ba. Na karanta takardarka har na gaji da karantawa.

Ka ce an gama gwaji, an tura abokanka garuruwa wa'azi, kai kuwa Baturen makaranta ya ce ka zauna a gidan ɗab'i, ka riƙa rubuta ƙananan littattafai kana gyara Hausar waɗanda ake bugawa. Ka ce wannan kora ce cikin ladabi, an ga harshenka ba zai yi ba. Ka ce za ka ƙi, ka dawo gida ka riƙe fartanya.

Malam, ban taɓa yi maka gardama a gaban mutane ba, amma takarda ba mutane ba ce. Ka karɓi aikin nan.

Ba zan yi maka ƙarya in ce i'inarka za ta tafi ba. Wataƙila ta ragu, wataƙila ku tsufa tare. Na san tun kana saurayi burinka ka tsaya gaban taro murya na tashi. Amma ka duba abin da ya faru a bana. Kana Minna, maganarka ta tsaya a ƙofar Maigari ta hana a tashe mu. Mai wa'azi gari ɗaya yake tsayawa ran Lahadi. Abin da ka rubuta aka buga zai tsaya a garuruwan da ƙafarka ba za ta taɓa takawa ba, a bakin mutanen da ba su san sunanka ba. In suna kake so, wannan aikin ba zai ba ka da yawa ba. In aikin kake so, ga shi an miƙo maka.

Ka shiga da sharaɗinka, cikin ladabi. Ka roƙa a bar ka ka riƙa fita kasuwa da tashar jirgin ƙasa kana sauraron yadda mutane ke magana, don Hausar da ta daɗe a ɗaki wari take yi. In Bature ya kawo magana da ƙirar harshensu, kada kunya ta sa ka ce ta yi. Ka gaya masa ba haka ake faɗi ba, ka ba shi yadda ake faɗi. Don wannan suka riƙe ka.

Na san abin da ke cin ranka na biyu, wato mu. Ni ma na kwana biyu ina juya shi, na yi kukana na share. Ga abin da na yi. Tun bayan zaman nan nake koya wa Barira karatu a fili, ka san dama ta iya haɗa baƙi. Ran Lahadin da ta wuce na ce makogwarona na ciwo, na miƙa mata takarda a ƙarƙashin tsamiya. Ta yi tuntuɓe a farko, ta dube ni, na kau da kai. Da ta ga ba mai ceto, sai ta gyara tsayuwa ta kai shi ƙarshe. Har masunta biyu da ke gyaran taru a gefe suka tsaya ji. Baba Audi ya sa mata albarka. Tunga ta sami mai karatu, kai kuma za ka ci gaba da aiko mata abin karantawa.

Saboda haka na yi magana da Attahiru. In ya gama lodin busasshen kifi zai sauka Jebba, ni da Sabuwa muna cikin jirgin. Na bar gonar a hannun Namadi, awakin kuma wurin Barira. Ka nemo mana ɗaki, ko ƙarami ne, in dai akwai inda zan kafa murhu. Duk abin da ka rubuta, ni za ka fara karanta wa kafin ya je wurin masu bugawa, kuma ka san ba na jin kunyar cewa bai yi ba. Matan Minna kuma suna da kunnuwa, ba zan rasa wurin buɗe baki ba.

Gobe da safe ka je ka ce wa Baturen ka amince. In harshen ya sarƙe, ka rubuta masa.

Sai mun sauka. Alherin Ubangiji ya kasance tare da kai.

Ni ce taka,
Tasallah