Akwatunan Dalma Biyu

Ni Ignatius Fordyce, mai ɗab'i da haruffan dalma a garin New Amsterdam, da hannuna nake rubuta wannan wasiyya. Ƙafafuna sun kumbura, numfashi sai na lallaɓa shi, amma hankalina daram yake, kada wani ya ce tsoho ya ruɗe. Osric, Verlyn, 'ya'yana, da ku nake. Shekara huɗu ke nan ba ku gaisa ba, ni kuwa na gaji da cin abincin Lahadi a gida biyu don kada ɗayanku ya ji haushi.

Na ɗaya. Gida naku ne ku biyu. Kada a sayar, kada a sare mangwaron da mahaifiyarku ta dasa.

Na biyu. Littafin ƙa'idojin rubutu mai baƙin bango ya zauna a shago. Shekara hamsin da ɗaya da shi nake aiki. A Turanci, muƙami yana samun babban baƙi ne in ya zo gaban sunan mutum. In ya biyo baya, ko ya tsaya shi kaɗai, ƙarami ne. Ba ni na ƙirƙiro ba, amma kai, na sha zagi! Ma'ajin ƙungiyar masunta ya taɓa tare ni a kasuwa, don na buga muƙaminsa da ƙaramin baƙi, yana cewa, “Fordyce, dalma ce ta ƙare maka, ko ni ne ka raina?” Da ƙuruciya nakan tsaya in yi bayani. Daga baya sai in ce to, in wuce.

Na uku, kuma shi ya fi yi mini nauyi. Osric, da ƙungiyar jana'iza ta unguwarmu ta zaɓe ka shugaba, ka kawo takardar biki da babban baƙi a muƙaminka har wuri tara. Ta fito daga inji da ƙanana. Ka tsaya a bakin shago, mutane na ji, ka ce wa ƙanwarka, “Ke dai tun muna yara ba kya son ganina a sama.” Ba ita ba ce. Verlyn ta jera haruffan yadda ka rubuta, har ta ce mini, “Baba, a bar wa Yaya abinsa, ranarsa ce.” Da ta fita cin abinci na tsince manyan baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya na sa ƙanana, don ban taɓa saɓa wa littafin ba. Kana ta faɗa, ni na sunkuyar da kai ina goge inji, ita kuma ta rufa mini asiri. Na fifita littafi a kan ɗana, na bar 'yata da laifina. Kunya ce ta ɗaure mini baki, har yau ina jin ta. Ku yafe mini.

Verlyn, ke ma kin ce masa ya je a buga masa muƙamin a goshi, a gaban matarsa. Wannan naki ne, ki nemi gafararsa.

Na huɗu. Inji ya tsaya inda yake. Haruffan dalma na raba su, kuma na sa an kai wa kowa nasa ranar Talata. Akwatin sama, na manyan baƙaƙe, na Osric ne. Na ƙasa, na ƙanana, na Verlyn. Na san kowannenku ya ce wannan wace irin kyauta ce. To, ku saurara.

Na biyar. Kun san ba a kai mutum kabari a garin nan babu takardar jana'iza, da waƙoƙinta da sunayen dangi, wadda tsofaffi mata ke adanawa cikin Littafi Mai Tsarki. Na buga wa mamata fiye da dubu uku. Tawa ban yarda a kai wa masu kwamfuta ba. A injina za a buga ta, da dalmata, kuma ko sunana ba zai jeru ba sai an buɗe akwatunan biyu a kan teburi ɗaya. Verlyn ta jera, Osric ya ja inji. Kwafi ɗari biyu sun isa. Babba ko ƙarami, ku sa abin da kuka ga dama, ni na gama wannan gardamar.

In kuwa kun kasa zama ɗaki ɗaya, a binne ni ba takarda. Mutane za su tambaya, ku ba su amsa da bakinku.

Allah ya yi muku albarka, ya shirya muku zuriya, ya sa ku riƙe juna. Abin da kuka zaɓa ni ba zan gani ba, 'ya'yanku ne za su gani.