Ba Zan Rantse a Kan Arzika Ba

Zuwa ga Mai Girma Alƙalin da ke riƙe da shari'ar kisan Nomau na Wurogauri,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da ladabi, Allah ya gafarta Malam, ya ƙara lafiya da haƙurin zama da jama'a.

Ni ne Umaru, yayan marigayin, uwa ɗaya uba ɗaya. Bokona na ajin yaƙi da jahilci ne, in an ga harafi ya karkace a yi mini uzuri. Na fito da wannan takarda fili ne domin sau uku ina zuwa kotu, sau uku ɗan dokan bakin ƙofa yana cewa in jira ranar rantsuwa. Maganar da ke bakina kuwa ta kafin rantsuwa ce.

An sanar da mu cewa ranar Litinin mai zuwa ni da baffanmu, da yake mu ne masu jini, za mu raba rantsuwa hamsin a kan Arzika maharbi ne ya harbe Nomau. In muka rantse, ran Arzika ya tafi. Shi baƙo ne, mutumin Dodoru ta ƙasar Gwandu, kowane rani yakan zo farauta ya sauka zauren mai garinmu. Ba abokina ba ne, bakinsa ma ya cika kaifi. Amma ga abin da idona ya gani.

Na farko. Sajan ɗin da ya yi bincike ya kawo hujja biyu: wai Arzika da Nomau sun yi cacar baki a kasuwar Kalgo, kuma an shinshina bindigar Arzika an ji warin albarushi. Cacar baki an yi ta, ina wurin. Karen Arzika ne ya ci busasshen kifin Nomau, kuma kafin la'asar sun raba goro. Warin bindiga kuwa, zabi biyu ya harbo da safiyar ranar da Nomau ya rasu, ɗaya a tukunyar gidan mai gari ta ƙare. Maharbin da bindigarsa ba ta wari ai shi ya kamata a tuhuma da zaman banza.

Na biyu. Nomau ya fita bayan sallar asuba duba ƙugiyoyinsa na kifi a gulbi. Da hantsi muka tsince shi a 'yar hanyar da ta ratsa wata gonar rogo, jini ya ƙare masa. 'Yan doka ba su iso ba sai kwana biyu bayan mun rufe shi, don haka ba su ga gawa ba. Ni na yi masa wanka. Raunin a cinya yake, sama da gwiwa kaɗan, kuma da hannuna na zare guntayen ƙusa guda huɗu, an sassare su da kurfin maƙera. Duk mutumin Wurogauri ya san Arzika darma yake narkawa ya mulmula harsashinsa, har gori yake yi wa masu ɗura ƙusa cewa suna kashe bakin bindiga. Na ƙulle guntayen a tsumma na kai wa sajan. Ya juya su a tafin hannu, ya ce kotu ba maƙera ba ce, ya miƙo mini abina.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Washegarin jana'iza na koma wurin ni kaɗai. Taku bakwai daga inda ya faɗi, cikin ganyen rogo, na tarar da gwafa biyu a kafe, ɗaya gaban ɗaya, tsayinsu bai wuce cinyata ba. Ga kuma guntuwar igiyar kaba ɗaure a gindin sabara, a tsallaken hanya. Allah ya gafarta Malam, duk manomin fadama ya san wannan aiki. Haka ake ɗana wa gyado, wato aladen daji, bindiga in ya addabi rogo: a ɗora ta kan gwafa, a ja igiya ta ƙetare hanyarsa, ya taɓa, ta tashi. Al'ada ita ce mai tarko ya sa a yi shela, ya kuma kwance shi kafin mutane su fito. Wannan karon ba a yi shela ba, ba a kwance ba. Na nuna wa sajan, ya ce turken awaki ne. Ban taɓa ganin wanda ya ɗaure akuya tsakiyar rogonsa ba.

Na huɗu. Na daɗe ina juya wannan kafin in rubuta. Gonar rogon ta baffanmu ce, wanda aka ce mu raba rantsuwa da shi. Shi ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya yi wa Nomau aure. Ban ga lokacin da aka ɗana tarko ba, ba kuma zan ce ga wanda ya ɗana ba. Na dai san bindigar da ke rataye a ɗakinsa tun ina yaro ba ta nan, kuma tun ranar bai iya haɗa ido da ni. Dangi sun taru sun ce in rufa wa gida asiri, baƙo ai baƙo ne. Ina son baffana, tausayinsa nake ji ƙwarai. Amma tsohuwar Arzika ta tako da ƙafa daga Dodoru, kullum tana zaune gindin bangon gidan yari da ƙwaryar furar da ba a bari ta miƙa masa.

Roƙona uku ne. A ɗage rantsuwar Litinin. A karɓi tsumman nan a nuna wa kowane maƙeri, a gwada da harsashin Arzika. A aiko wani ya ga gwafannin, na kife su da tsohon kwando, suna nan yadda na same su. In igiyar nan ta bi ta kai ƙofar gidanmu, a bi ta. Kuskure yana da hukuncinsa a shari'a, kuma ni mai jini a shirye nake in yafe nawa rabon. Abin da ba zan iya ba shi ne in dafa Alƙur'ani sau ashirin da biyar da hannun da ya zare ƙusoshin nan.

Allah ya ba Malam ikon gani da kyau, ya sauƙaƙa masa hisabi, ya jiƙan Nomau, ya yafe wa baffana.

Wassalam.

Umaru, yayan marigayi,
Wurogauri, ta Kalgo.