Tawul ɗin goyon Jamila

Laraba da dare, unguwar Didaouré. A waya nake magana, tunda ban iya rubutu ba.

Abu ɗaya nake so, mijina Baban Jamila ya dawo daga damben garin Dapaong da ƙafarsa. Ya ci damben ko kar ya ci, ba ruwana.

Da can kafin awon nauyi da yunwa yake kwana, ya naɗe jiki da leda yana gudu. Da ya ce zai hau ajin masu nauyi, na fi kowa murna. Na dinga daka masa sakwara, kumatu suka fito, ya yi kyau wallahi.

Amma kunnena ya san igiyar tsallensa. Da ƙararta Jamila take barci a bayana, kamar yayyafi a kan kwano. Yanzu sarƙe masa take a ƙafa, yana haki. Kuma wanda zai kara da shi ranar Asabar, da nauyinsa Allah ya halicce shi, ba sakwara ce ta ba shi ba.

Na yi masa maganar, ya ce, "Uwar Jamila, ƙarfi ne ya ƙaru." Ya ɗaga ni sama har da goyon. Na yi dariya, amma na ji numfashinsa.

Kocinsa, Kawu Issifu, na gaya wa. Na kai masa tawul ɗin goyon Jamila, na ce, "Kawu, in ƙafarsa ta tsaya, wannan za ka jefa a tsayar da damben. In ya ga na 'yarsa ne, ba zai yi maka faɗa ba."