Ka Bar Mini Ingilata

Zuwa ga Arzika ɗan Dumega, mazaunin Ingila a halin yanzu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da 'yarka Hadiza da jikan da ka je gani ka liƙe. Mu nan Dogondutsi lafiya lau, an yi girbi, gero ya yi daidai gwargwado. Na rubuto a fili ne inda kowa zai karanta, don na san halinka. In na aiko maka kai kaɗai, sai ka ce wayarka babu rezo, saƙon bai shigo ba.

Hoton ya iso. Kai ne tsaye a filin ƙwallo na gaske, ciyawa kore shar a bayanka, an naɗa maka gyale mai launi biyu a wuya, kana murmushi kamar wanda aka ba ajiyar akuyar wani. Arzika! Kai da har yau ba ka san dalilin da ya sa mutum ɗaya ne ke kama ƙwallo da hannu ba. Ni da na tsufa ina koyar da Ingilishi a kwalej har sunana ya koma Mushe, wato malam da Faransanci, na karanta littattafan Turawan Ingila har da waɗanda su kansu suka daina karantawa, iyakata Yamai. Kai mai sayar da wake, 'yarka ta samu aikin asibiti a can ta aiko aka kai ka. Na ƙara girman hoton da yatsa ko zan ga alamar haɗi ne. Ba haɗi ba ne.

Ka tuna rumfar kallo ta Ganda a bayan tasha? Ranar da babu wasa, bayan la'asar, sai ya sa mana finafinan nan na 'yan dabar ƙwallon Ingila. Samari an aske kai tas, an ja zif har maƙogwaro, su sha giya su yi waƙa, sannan su tare wasu a lungu a yi ta jifa da kujeru da kwalabe. Ƙwallon ma da ƙyar ake nunawa. Ni ke zama kusa da tele ina fassara.

Ba na manta Jauro, makiyayin nan na wajen Kiyeshe, da ya shigo fakewa ruwa. Ya dogara da sandarsa ya kalli dambarwar har ƙarshe, sannan ya ce, “To Mushe, shanun wa sunka shiga gonar wa?” Da ya ji babu shanu, babu gona, babu ko rijiya, sai ya fita cikin ruwan yana girgiza kai.

Ustaz Sani mai shagon waya ya ce giya ce kawai, amma na lura bai taɓa tashi kafin fim ya ƙare ba. Tsofaffin 'yan kokowar Tibiri sun raina su ƙwarai: mutum goma kan mutum ɗaya, ba makaɗi, ba kirari, wanda ya faɗi ma ba a ƙyale shi. Inna mai ƙosai da ke leƙe daga bakin ƙofa ta ce doguwa ce ta hau su gaba ɗaya, a nemo musu mai goge. Samarin garinmu kuwa sai ga su cikin zafin bazara da jaket har wuya, gumi na zuba. Abin da ya fi yi wa kowa daɗi shi ne, ashe Turawan da ke zuwa da farar mato suna koya mana zaman lafiya suna da nasu a gida.

Ni ke warware musu duk wannan. Na ce a can unguwa ita ce gona, launin riga shi ne rijiya. Na ba su labarin masana'antun da aka rufe, da samarin da ba su gaji komai wurin ubanninsu ba sai ƙungiya. Ba ƙarya na yi ba, a littafi na gani. Duk mai tambaya kan Ingila, a wurin shayi ko a gidan suna, sai a ce a jira Mushe. Ba ni da mato, ba ni da bene. Ingila nake da ita, kuma ta ishe ni.

Kai me kake yi duk lokacin nan? Barci. Kafin a fasa kwalbar farko kanka ya sauka a kafaɗata. Haka nake fassara, hannu ɗaya ya mutu, ina rage murya don kada ka farka.

Sai ga saƙon muryarka. Ganda ya tambaye ka ko ka ga faɗa a filin, ya kunna mana amsar ana tsakiyar shayi. Ka ce, “Wallahi ni dai ban ga an bugi kowa ba. Tsofaffi na gani da jikokinsu suna cin wani abu kamar fanke mai nama. Wani ma ya taka ni, ya yi ta ba ni haƙuri har ya dame ni.” Aka yi dariya, sannan aka juyo aka dube ni. Na fara bayanin cewa finafinan na wani zamani ne da ya wuce, amma ba wanda ya tsaya ji. Tun ranar, ko ina tsakiyar magana sai wani ya ce, “Bari dai a tambayi Arzika.” Kwanan baya kan sarautar Ingila aka yi gardama, aka aiko maka. Ka ce ba ka sani ba, kuma aka fi gamsuwa da amsarka a kan tawa.

Malamai sun ce hassada haramun ce, shi ya sa nake kiran nawa kishi. Ba jirgin nake kishi ba, ba kuma gyalen ba. To, gyalen ma kaɗan.

Amma ina tuna ranar tafiyarka. A tasha ka riƙe hannuna ka ce, “Mushe, kuskure anka yi, kai ya kamata.” Na yi dariya na ce ka gaida su. Na koma gida na kasa cin tuwo, kuma har yau ban tantance ba, tafiyarka ce ta hana ni ko zamana. Bencin nan namu na rumfar Ganda dai ya yi mini faɗi.

Na ji za ka dawo kafin azumi. Ganda ya riga ya shirya. Zai sa fim mafi zafi, ya zaunar da kai kusa da tele, a mazaunina, ka riƙa faɗin wanne ne gaskiya wanne ne ƙarya.

Ga roƙona, ɗan'uwa. Ban ce ka yi ƙarya ba, ba ka ma iya ba. Ka samu Ingila mai ciyawa da tsofaffi masu ba da haƙuri, ka riƙe abarka, Allah Ya sanya albarka. Tawa mai kwalabe da kujeru ce, kuma ita kaɗai gare ni. In an kunna fim, ka zo ka zauna inda ka saba, ka yi abin da ka fi kowa iyawa. Kafaɗar tana nan. Ta ɗan rame, amma za ta ɗauke ka.

Allah Ya dawo da kai lafiya, Ya raya jika, Ya yi wa Hadiza albarka. Abin da ke zuciyata Allah Ya cire, ko ya rage. Kai kuma Ya saukar maka da barci mai nauyi a kan lokaci. Amin.

Naka,
Mushe Nomau, wanda bai je ba.